Ungozoma ɗaya tun daga awon farko har arba'in: tana sauya yadda mace ke haihuwa?

Maman Sadiya, Tahoua

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu, musamman ma'aikatan lafiya. Ni malamar makaranta ce a cikin garin Tahoua, kuma ina cikin kwamitin da ke sa ido a kan tafiyar da CSI ɗin unguwarmu, wato ƙaramin asibitin gwamnati, shi ya sa koke-koken mata kan biyo ta wurina kafin su kai ga majo, shugaban asibitin. Kukan da ya fi yawa shi ne mace ta yi ta zuwa awo, kowane zuwa ta tarar da sabuwar fuska, ta sake ba da labarinta tun daga tushe, sa'annan daren da naƙuda ta taso ta faɗa hannun wadda ba ta taɓa gani ba. Wasu har sun ce gara su zauna gida wurin ungozomar unguwa, wadda ko ba ta da kayan aiki ta san sunansu da na iyayensu.

Na ji cewa a wasu ƙasashe ungozoma ɗaya, ko ƴan kaɗan da suka san juna, su ne ke bin mace tun daga awon farko, su karɓi haihuwarta, su ci gaba da duba ta da jaririn bayan ta sauka. Shin wannan yana sauya wani abu a lafiyar uwa da ɗa, ko kuwa daɗin rai ne kawai na ƙasashen da suka wadata? Idan kuma yana da amfani, da ma'aikatan da muke da su, wane ɓangarensa ne kwamiti kamar namu zai iya nema ba tare da an yi mana dariya ba?

Inna Sajfam, ungozomar asibiti mai ritaya, Tahoua

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na yi aiki a ƙauye na yi a birni, kuma amsata ita ce yana sauyawa ƙwarai, sai dai ba ta inda mutane suka fi zato ba. Ana ɗauka amfanin sabo shi ne fara'a da sannu da zuwa. Wannan yana ciki, amma babban abin shi ne mace ba ta faɗa wa baƙuwa gaskiyar jikinta.

Ki tambayi matar da kika fara gani yau ciki nawa ta yi, za ta lissafa miki ƴaƴan da ke raye ta yi shiru. Ɓarin da ta yi, da wanda ya zo babu rai, da jinin da ta zubar a haihuwar baya har ta suma aka yayyafa mata ruwa, duk ba za su fito ba, domin ba a saba ƙidaya irin wannan a gaban kowa ba, balle ga layi a bakin ƙofa ana jin abin da take faɗa. Sai a zuwa na uku ko na huɗu, ina shafa cikin muna hirar tsadar hatsi, za ta ce, "Af, Inna, waccan karon ma uwar tafiya ta daɗe ba ta faɗo ba." Wannan jimla guda ita ce ke sa in rubuta da jan biro a karnenta, wato littafin awonta, cewa kada ta kuskura ta haihu a gida, in tanadi allurar tsayar da jini, in kuma gaya wa mijin ya nemi wanda zai ba da jini tun kafin wata ya kama. Wadda ta karɓe ta a daren naƙuda ba tare da ta taɓa ganinta ba ba za ta ji wannan jimla ba. Haka batun jiƙe-jiƙen da ake ba mai naƙuda don ta yi saurin sauka. Idan ta san ni za ta ce an ba ta, in san irin tsaron da zan yi wa mahaifarta. Idan tana tsoron tsawa za ta rantse ko ruwa ba ta sha ba.

Akwai kuma abin da ido ke gani wanda takarda ba ta ɗauka. Yarinyar da na san tansiyonta, wato awon hawan jininta, ba ya wuce 10/6 tun farkon ciki, ranar da ta zo da 13/8, tana cewa kanta na sarawa, na ga fuskarta ta cika har zoben hannunta ya matse, ba zan sallame ta ba sai na gwada fitsarinta na kuma sa ta dawo cikin kwana biyu. Wadda ba ta san fuskar tata ta da ba za ta ga mace mai ƙiba ce kawai, ta ga awo bai kai 14/9 ba, ta ce Allah ya sauwaƙe. Jijjigar da hawan jini ke kawo wa mai ciki kuwa ba ta sallama. Iyayenmu sun ce sanin hali ya fi sanin kama, amma a aikinmu har kamar ma sai an sani.

Masu cikin fari su ne suka fi ba ni tausayi. An raine su a kan cewa kuka wurin haihuwa abin kunya ne, don haka yarinya za ta kwana tana murƙususu ba ta ce uffan ba, a kawo ta da asuba ta galabaita. A ɗakin haihuwa a ce ta hau gado ta kwanta rigingine, ita kuwa duk matan gidansu a durƙushe suka haihu. A sa mata hannu ba a gaya mata dalili ba. Ta matse ƙafa don tsoro, a daka mata tsawa. Da wadda ta auna ta wata da watanni ce, da tun a wata na takwas an nuna mata ɗakin, an gaya mata abin da za a yi da dalilinsa, an yi maganar ƙari, wato ɗan yankan da ake yi don faɗaɗa wa jariri hanya, da ɗinki, an kuma tabbatar mata za a ba danginta mabiyiya su je su binne yadda aka saba. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne a idon ma'aikaci, amma na san matan da shi kaɗai ya hana su zuwa matanite, wato asibitin haihuwa.

Ba zan wanke abokan aikina tas ba, domin akwai masu mugun baki. Sai dai ki sani, tsawa ta fi sauƙin fita a kan wadda ba ki sani ba kuma ba za ki sake gani ba. Matar da za ki haɗu da ita a wurin suna, ki kuma duba ta ranar arba'in, harshenki da kansa zai yi nauyi a kanta.

Dakta M., Yamai

Inna ta faɗi abin da aiki ya koya mata, ni kuma bari in kawo abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya. Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su wuri guda, ta sabunta nazarinta a kan wannan tsari a 2024, da gwaji 17 da suka ƙunshi mata 18,533. Matan da ungozoma ɗaya ko ƙaramar tawaga ta bi sun fi haihuwa da kansu, kusan 70 cikin 100, a inda sauran suka tsaya a 66. Tiyata ta sauka daga 16 zuwa 15 cikin 100, ciro jariri da na'ura daga 14 zuwa 13, ƙari kuma daga wajen 23 zuwa 19. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne abin da matan suka faɗa da bakinsu: sun fi jin an saurare su, an yi musu bayani, kuma da su aka yanke shawara.

Wajibi ne in ƙara abu biyu don kada mu kai wa kwamiti maganar da ta fi ƙarfin hujjarta. Nazarin Cochrane na 2016 ya nuna tsarin yana rage haihuwar bakwaini da asarar jarirai, kuma har yau za ku ji ana maimaita wannan, amma da aka sake lissafi a 2024 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a waɗannan biyun. Sa'annan duk gwaje-gwajen a Ostireliya, Kanada, Sin, Ailan da Birtaniya aka yi su, inda jini da ɗakin tiyata da mota ke kusa da kowace mai ciki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da ta ba da shawarar wannan tsari a 2016, a cikin ƙa'idojin da suka ɗaga zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8, ta gindaya sharaɗi cewa a wuraren da aikin ungozoma ya kafu sosai.

Sharaɗin ba na ado ba ne. A ƙasashen da ake yin sa, ungozoma ɗaya ba ta ɗaukar fiye da mata 35 zuwa 40 a shekara, domin wayarta a kunne take dare da rana. Niyu Zilan ta gina dukan tsarin haihuwarta a kansa tun shekarun 1990. Ingila kuwa ta sa shi a manufarta a 2016, amma a 2022 ta janye wa'adin da ta ɗibar wa asibitoci, saboda ma'aikata ba su isa ba, kuma cire ungozomomi daga ɗakin haihuwa don su bi matansu yana barin ɗakin babu kowa. Idan Ingila ta yi tuntuɓe a kan yawan ma'aikata, mu a Nijar da binciken ƙasa na 2012 ya nuna a lokacin mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, kuma haihuwa 3 cikin 10 kaɗai ƙwararre ke karɓa, sai mu yi taka-tsantsan da alkawari.

Duk da haka ina ganin hujjar Inna ta fi ƙarfi a wurinmu fiye da can. Wani bincike da OMS ta jagoranta a Gana, Gini, Najeriya da Myanmar, wanda ya fito a 2019, ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da tsawa, zagi, mari ko wulaƙanci wurin haihuwa, abin ya fi tsanani daga minti 30 kafin jariri ya fito zuwa minti 15 bayan fitowarsa, kuma ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu ba su ne suka fi shan sa. A Turai matar da aka ɓata wa rai za ta rubuta ƙara ta koma asibiti a ciki na gaba. A nan ba za ta koma ba, kuma za ta hana ƙanwarta da kishiyarta.

Malam Ɗan Adar, Keita

Hajiya Inna, Dakta, Allah ya saka da alheri. Ni namiji ne, kuma na san wannan zance na mata ne, amma mu ne ke tsaye a bakin ƙofa ana miƙo mana takardar magani, don haka ku yi mini haƙuri in faɗi inda ban gamsu ba.

Sanayya ai tana nan tun tuni a asibitocinmu, ita ce ma ciwon. Wanda ke da ƴar'uwa ko maƙwabciya a cikin ma'aikata, matarsa ba ta bin layi, ana kiranta da suna, ana kwana a kanta. Wanda ya fito daga ƙauye da amalanke, ba ya jin Faransanci, shi ne ake barin tasa a kan tabarma. Masu binciken LASDEL, wata cibiyar nazarin zamantakewa a Yamai, sun daɗe suna rubutu a kan wannan hali, ba ni na ƙago shi ba. Tsorona shi ne idan aka ce kowace mace ta sami ungozomarta, masu hali za su kama ta kirki da ɗan alheri da turmin zane ranar suna, talaka kuma a bar masa wadda kowa ya gudu.

Na biyu, a ƙasar Adar da yawa daga cikin mazaje suna wajen biɗa, a Abijan ko Libiya ko Najeriya, rabin shekara ko fiye. Matar da naƙuda ta kama da dare, mai cewa a tafi ko a dakata surukarta ce ko ƙanen miji, kuma da damina idan ƙorama ta kawo babu motar da za ta ƙetare. Tun 2005 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma man mota da jini da abincin masu jinya a kanmu suke. Matar da ta rasu a hanyar Tahoua, ko ungozomar da ta san ta ce ta ɗora ta a mota, ta rasu. Ni da za a ba ni zaɓi, mota da jini zan fara nema.

Ummu Haidar, Ƙonni

Ina da ƙari a kan maganar Malam. Wadda na yi awo a wurinta a cikina na biyu ita kaɗai ce a wurin, ta san ni sarai, kuma saninta bai amfane ni da kome ba, domin tun ranar da na tambaye ta amfanin wani ƙwayar magani ta ɗauke ni mai taurin kai. Duk wata sai na kwana da fargabar awo. Idan za a ɗaure mace da ungozoma ɗaya, a bar mata ƙofar da za ta ce a sauya mata ba tare da an tambaye ta dalili a gaban wadda take gudu ba.

Sa'annan ba wanda ya ambaci goyon ciki. Mai cikin fari tana awo a garin mijinta, a wata na bakwai a mai da ita gidan iyayenta, wani lokaci a wata jiha, mu nan bakin iyaka har a tsallaken Najeriya, can za ta haihu ta yi wankan jego. Wato wadda Inna ta ce ta fi bukatar sabo ita ce al'adarmu ke raba ta da mai awonta ana dab da haihuwa.

Sajfam A., wani CSI a yankin Madawa

Inna, ina gaisuwa, irinku ne suka koya mana aiki. Yaya Maman Sadiya, tunda abin da za ki kai wa kwamiti kike nema, ga abin da nake gani daga inda nake tsaye.

Malam yana da gaskiya a kan mota da jini, amma ban yarda abu biyun suna takara ba. Yawancin matan da muke turawa babban asibiti a makare, jinkirin a gida aka yi shi, ana jiran gari ya waye ko ana jiran izini. Matar da ta san ni, surukarta ma ta san ni, lambata tana rubuce a bangon karnenta, ana kirana tun ruwa ya fashe, ni kuma in ce ku taso yanzu kada ku jira. Wadda na san ƙugunta ƙarami ne ko an taɓa yi mata tiyata, tun wata tara bai cika ba nake sa a kai ta gidan dangi kusa da asibitin da ke da ɗakin tiyata, kafin ƙorama ta rufe hanya. Doguwar naƙudar da ke kawo yoyon fitsari a irin wannan jiran take samuwa. Game da surukai da ƙannen miji, makarantar mazaje da aka fara a Damagaram da taimakon UNFPA, asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nuna cewa idan an zauna da masu yanke shawara tun da wuri, ba a yin gardama da tsakar dare. Son kan da Malam ya koka da shi kuwa, maganinta shi ne kada a bar mace ta zaɓa da aljihunta: a raba mata bisa unguwa ko ƙauye, kowa da tawagarsa, matar majo da matar mai amalanke duk ɗaya, sa'annan a bar ƙofar sauyi da Ummu Haidar ta nema a hannun majo, a asirce.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a yi wa mata alkawarin cewa wadda ta auna su ita ce za ta karɓi haihuwarsu. Matan da Dakta ya ce ungozomar Turai na ɗauka a shekara, ni ina iya auna kusan yawansu a safiyar ranar kasuwa guda. A ƙauye dama ungozoma ɗaya ce ke yin kome, awo da haihuwa da allurar yara da tsarin iyali, ana buga mata ƙofa kowane dare, kuma wannan ne ke sa da ta cika shekara biyu take neman a mai da ita birni, sabon da aka gina ya rushe. Gajiyayyar da ta san ki tana iya kuskuren da baƙuwa mai isasshen barci ba za ta yi ba.

A CSI na birni mai ungozoma huɗu ko shida, abin da zai yiwu ba tare da ƙarin ko dala ba shi ne a kasa su gida biyu, kowace tawaga da unguwanninta da ranakun awonta, a kuma jera aikin kwana yadda kowane dare akwai mutum ɗaya daga kowace tawaga idan yawansu ya kai. A rubuta sunan tawagar a karne. Kafin wata na tara mace ta ga fuskar kowa a tawagarta ko sau ɗaya, a shiga da ita ɗakin haihuwa da rana ta gan shi. Ana kuma iya haɗa matan da watanninsu suka zo ɗaya su riƙa awo rukuni guda da ungozoma guda, kamar yadda aka gwada a jihar Nasarawa ta Najeriya aka ga haihuwa a asibiti ta ƙaru. A nan ne ake samun lokacin bayanin Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da ƙwayar ƙarin jini da gidan sauro, maimakon a miƙa su ta taga. Ku nemi a bar mace ta shiga da mutum ɗaya da ta zaɓa, uwa ko ya ko ungozomar unguwarsu, domin OMS ta sa wannan a ƙa'idojinta na 2018, kuma labule tsakanin gadaje kaɗai yake bukata.

Mai tafiya goyon ciki, a awonta na wata shida a tambaye ta inda za ta haihu, a cika karnenta da rubutun da wani zai iya karantawa, a sa lambar mai awon, idan da hali a kira CSI ɗin garin iyayenta a gabanta. Kuɗin wayar nan daga aljihunmu yake fita a yanzu. Idan kwamitinku zai ware wa ɗakin haihuwa waya guda da jika biyu ko uku na kira a wata, ku fara da wannan a zamanku na gaba, ku kuma roƙi majo ya zo da jadawalin aikin kwana a duba shi tare.